Anini Biyu a Haikali: Matsayin Ɗan Abin da Kirista Ya Bayar

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. A majami'u da dama na Sakkwato, idan lokacin baiko ya yi ranar Lahadi, akwai masu sunkuyar da kai saboda abin da ke hannunsu bai wuce naira 100 ko 200 ba, wasu ma sukan ƙi zuwa sujada ranar godiyar kaka don kada a ga ƙanƙantar abin da suka kawo. Bayaninmu na yau zai duba ko Littafi Mai Tsarki ya bar wa wannan kunyar wani gurbi.

A cikin Markus 12:41-44 da Luka 21:1-4, Yesu ya zauna daura da baitulmalin Haikalin Urushalima yana kallon yadda jama'a ke zuba kuɗi. Attajirai suka zuba da yawa, sai ga wata matalauciyar gwauruwa, wadda mijinta ya rasu, ta jefa anini biyu na tagulla, mafi ƙanƙantar kuɗin da ake kashewa a ƙasar Yahudiya a lokacin. Darajar su biyun ba ta wuce kashi 1 cikin 64 na dinari ba, dinari ɗaya kuwa shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. Yesu ya kira almajiransa ya shaida musu cewa ta fi kowa bayarwa, domin sauran sun ɗiba ne daga yalwarsu, ita kuwa ta ba da dukan abin da take da shi na zaman gari. Abin da ya auna shi ne abin da ya rage a hannun kowa bayan an zuba.

Tun a Shari'ar Musa an yi wa talaka tanadi. Littafin Firistoci 12:8 ya ce macen da ta haihu, idan ba ta da halin kawo ɗan rago, sai ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, sura ta 5 aya ta 11 kuma ta yarda wa wanda ko tsuntsayen ba zai iya saye ba ya kawo gari. Abin lura shi ne, bisa ga Luka 2:24, hadayar tsuntsayen ce Maryamu da Yusufu suka miƙa sa'ad da suka kai jariri Yesu Haikali. Ke nan a gidan masu ƙaramin ƙarfi Almasihu ya tashi, kuma an karɓi hadayarsu cikakkiya.

Manzo Bulus ya fayyace ƙa'idar lokacin da yake tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima. A 2 Korintiyawa sura ta 8 ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya, waɗanda suke cikin tsananin talauci amma suka roƙa a bar su su ma su sa hannu, sannan a aya ta 12 ya bayyana cewa idan niyya tana nan, ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji Hausawa. Ya ƙara da cewa ba nufinsa ba ne wasu su sami sauƙi wasu kuma su shiga ƙunci, kuma a sura ta 9 ya hana bayarwa cikin ɓacin rai ko tilas.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin akwai masu wa'azin da ke ɗauko labarin gwauruwar nan su matsa wa talaka ya ba da kuɗin maganinsa ko kuɗin makarantar 'ya'yansa, da alkawarin cewa za a ninka masa. A ganinmu wannan juya nassi ne. Markus 12:40, wadda ke gab da labarin, gargaɗi ce mai zafi ga malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i, 1 Timoti 5:8 kuma ta ɗora wa mai bi nauyin ciyar da iyalinsa. Yesu ya yaba wa zuciyar matar, amma babu inda ya ba shugabanni izinin tatse ire-irenta.

Baiko kuma bai tsaya ga kuɗi ba. Tabita ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni sura ta 9, riguna ta ɗinka, kuma su ne gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus bayan ta rasu. Haka yake a wurinmu: manomi ya kawo tiyar gero ko kwandon albasa da kaka, mai walda ya gyara ƙofar majami'a, ɗalibi ya koyar a makarantar Lahadi, Zumuntar Mata su zaga gaida marasa lafiya. Matiyu 10:42 ta ambaci ko da kofin ruwan sanyi, wanda duk mazaunin Sakkwato ya san darajarsa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Akwai nauyi a kan masu karɓa su ma. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar nan ta Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada kowa ya sami abin zargi. Saboda haka ya dace dattawa da ma'ajin ikilisiya su ƙirga baiko a gaban shaidu, su rubuta shi, su kuma riƙa karanta wa jama'a lissafin abin da ya shigo da inda aka kashe shi.