Bindigar Dala 300 da Takardar da Aka Daina Bayarwa

NURA: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Gusau. Ina tare da Barista Hadiza kamar kullum, sannan yau mun yi babban baƙo, Baba Ɗanjuma, tsohon maharbi daga wajen Kwatarkwashi. Baba, sannu da hanya.

BABA ƊANJUMA: Yawwa ɗana, sannunku dai. Hanya da sauƙi, tun da mun iso da ranmu.

HADIZA: Barka da zuwa Baba. Nura, faɗa wa mutane abin da ya hana ka barci har ka tara mu.

NURA: To, ɗan ƙanin babana ne da ke Amurka, a jihar Teksas. Ya daɗe can har ya zama ɗan ƙasa. Ran Asabar sai ga bidiyo ya turo min a WhatsApp, yana buɗe kwali a bayan mota. Bindiga ce sabuwa dal, Ruger 10/22, wai ita ce ta 'yan koyo, ya saya wajen dala 300. Na buga lissafi, ya ɗan haura naira dubu 400. Barista, ko kuɗin sabon babur bai kai ba fa.

HADIZA: Shi ke nan sai ranka ya biya.

NURA: Wallahi ya biya. Shiga shago kawai ya yi, ya nuna katin shaida, ya cike fom, mai shago ya tura sunansa aka bincika ko yana da wani laifi a baya, cikin 'yan mintuna aka ce ya ɗauka.

BABA ƊANJUMA: Mu gani wagga bindiga. Matso da wayar, idon ya fara gajiya. Af! Ai wannan ta zomo ce.

NURA: Baba, ta zomo kuma?

BABA ƊANJUMA: Dubi bakinta mana. Ko ɗan yatsana ƙarami ba ya shiga. Zomo, zabon daji, makwarwa, gafiya, iyakarta ke nan.

HADIZA: Baba ya faɗi daidai. Lambar 22 ɗin nan faɗin harsashin ne, bai ma kai milimita 6 ba. Goma ɗin kuma yawan harsasan da gidansu ke ɗauka. Tun 1964 ake ƙera ta, can da ita uba ke koya wa ɗansa saiti a gona, su jera gwangwani su yi ta harbi.

NURA: Amma ya ce min da kanta take ɗura harsashi.

HADIZA: E, amma kada ka haɗa ta da mai sarrafa kanta gaba ɗaya. Wannan in ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya zai fita, ƙarfin fitar ya tofar da kwanson, ya tura wani ciki. Sai ka sake ja kafin wani ya fita. Ita kuwa irin AK-47 da aka saita, in ka danne kunamar ruwan wuta za ta yi ta yi sai ka ɗaga yatsa ko gidan ya ƙare.

BABA ƊANJUMA: Ikon Allah. Mu da muka tashi da harba-ka-ruga! Ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danna da sanda, ka yi bismillah. In ta tashi, hayaƙi ya rufe maka ido, ba ka san ko ka samu ba sai ya washe. In ba ka samu ba kuwa, sunanta ya gaya maka abin yi. Da damina in ta sha sanyi, ka ja ta yi maka ƙyas kawai, gada na tsaye tana kallonka kamar ta ce sannu.

NURA: (dariya) To Barista, tambayar da kowa ke jira. Ni Nura, ga kuɗina a hannu, ina zan je in sayi irin wannan a Najeriya?

HADIZA: Ajiye kuɗin tukuna, don ba daga shago ake farawa ba. Dokar makamai da muke aiki da ita tun 1959 take, kafin samun 'yanci. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko haramtattu: masu jigida, bindigogin soja irin masu harsashi milimita 7.62 da AK-47 ke ci, har da ƙananan bindigogin hannu irin fistol. Waɗannan shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Mutane da yawa suna zaton fistol ce mai sauƙin samu tun da ƙarama ce, alhali tana sahun farko.

NURA: Ni ma haka na zata.

HADIZA: Na biyu su ne na amfanin kai, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta, da bindigar iska, da bindigar wasanni wadda harsashinta ba na soja ba ne. Lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Na uku su ne irin ta Baba, masu ɗuri ta baki, su kuma sha'aninsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

NURA: Ke nan ta ɗan'uwana tana kashi na biyu. Alhamdu lillahi, hanya ta samu.

HADIZA: A takarda, in an bi faɗin harsashi, can ta fi kusa. Kuma sharuɗɗan ba boyayyu ba ne: ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Sai dai ƙofar a rufe take. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin, kuma ko kafin nan an daɗe ana cewa akwai takunkumi.

BABA ƊANJUMA: To ɗiyata, mi ya faru da fom ɗin da aka ce za a kai gidajen sarakuna? Mu mun ji a rediyo da kunnenmu.

HADIZA: Wannan a watan Yunin 2022 ne, lokacin Gwamna Bello Matawalle. Gwamnati ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Ba a je ko'ina ba rundunar 'yan sanda ta ce takunkumi na nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Harkar makamai ta gwamnatin tarayya ce. Gwamna zai iya faɗa, amma ba shi ke sa hannu ba.

BABA ƊANJUMA: Awo, shi ya sa. Wani maƙwabcina har hoto ya je ya ɗauka, guda huɗu, ya sa cikin leda yana jira. Suna nan cikin akwatinsa har yau.

NURA: Barista, bari in faɗi abin da ke cin mutane. Wanda ke cikin daji bai cike fom ba, bai ɗauki hoto ba, kuma ga shi da abin da ya fi na ɗan sanda. Manomin Ɗansadau ko Tsafe kuma an ce ya jira takardar da ba a bugawa. Wa dokar nan take ɗaurewa ke nan?

HADIZA: Ba zan yi maka musu ba, ni ma abin na damuna, kuma dokar da ta haura shekara sittin ta isa a sake zama a kanta. Amma aikina in gaya maka abin da zai same ka gobe a shingen bincike. In aka kama ka da ta kashin farko ba izini, shekara 10 ne mafi ƙaranci. Ta kashi na biyu, har zuwa shekara 5. Kuma a Zamfarar yau, kafin a kai ga alƙali, an riga an kira ka mai kai wa 'yan bindiga makamai. Wannan sunan ko an sallame ka ba ya wankuwa.

NURA: To masu tallarta a Facebook fa? Akwai wanda ya ce min har da lasisi zai haɗo.

HADIZA: Lasisin da ofishin da ke bayarwa ya ce ya daina? Ko dai ya cinye kuɗinka ya rufe layi, ka rasa inda za ka kai ƙara don ba ka iya faɗin abin da ka biya, ko ya kawo maka wadda aka riga aka yi ɓarna da ita, laifin wani ya hau kanka.

BABA ƊANJUMA: Kuma ɗana, ko da an ba ka ita da takardarta da hatimi, kar ka ɗauka ta tare gari ce. Mutum talatin bisa babura, kai kana riƙe da ta zomo? Sai dai ta gaya musu ɗakin da kake. Su Askarawan nan masu tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar farkon 2024, ai ka ga ba ɗaiɗai suke fita ba, kuma duk da haka ana taɓa su.

NURA: Ke nan in ma farauta ce kawai nake so...

BABA ƊANJUMA: A wane daji? Da, in kaka ta yi an kwashe amfanin gona, mukan yi kwana bakwai wajen Kuyambana, da karnuka da ganga, mu dawo da nama har a kai wa sarki nasa. Yau shekara nawa ban taka ba. Tawa tana rataye bayan ƙyaure, na naɗe bakin da tsumma mai man gyaɗa kada tsatsa ta ci. Ran hawan sallah kawai take jin albarushi, shi ma ba komai ciki sai ƙara.

HADIZA: Allah ya dawo mana da lafiya, Baba.

BABA ƊANJUMA: Amin ɗiyata. Kai Nura, mayar min da bidiyon nan baya, wurin da ya ke harbin gwangwani. Goma a jere bai tsaya ɗuri ba, ko?

NURA: Goma cif, Baba.

BABA ƊANJUMA: Kuma uku kaɗai ya samu. Ka ce masa ya daina rufe ido in zai ja.