Mata sun cika ajin koyon aikin lauya, to sai me?

A shekarar 1956, makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Harvard a Amurka ta ɗauki sabbin ɗalibai fiye da 500. Mata tara ne kacal a cikinsu. Shugaban makarantar, Erwin Griswold, ya gayyaci matan liyafa a gidansa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya: wane dalili kike da shi na zama a gurbin da namiji zai zauna? Cikin waɗanda suka sha wannan tambayar har da Ruth Bader Ginsburg, wadda ta zama alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka a 1993.

A lokacin, shekara shida ke nan da Harvard ta fara ɗaukar mata, domin sai a 1950 ta buɗe musu ƙofa. Ta makara ƙwarai. Tun 1870 Ada Kepley ta kammala karatun lauya a Chicago, kuma a 1872 Charlotte Ray, baƙar fata, ta gama nata a Jami'ar Howard. Amma a 1944, da Pauli Murray ta fito ta ɗaya a ajinta a Howard ɗin ta nemi ƙaro karatu a Harvard, amsar da aka ba ta ita ce ba a ɗaukar mata.

Daga nan lissafi ya fara sauyawa. A 1970 mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɗaliban lauya a Amurka ba. A 1972 aka kafa dokar da ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambancin jinsi. A 2016, a karon farko, mata suka fi maza yawa a makarantun lauya na ƙasar.

Da ƙirga kawuna ne kawai, da mun rufe wannan zancen a nan. Sai dai wanda ya tsaya a kan yawan waɗanda aka ɗauka, kallon kitse yake yi wa rogo. Adadin shiga shi ne abin da makaranta ta fi sauƙin gyarawa, shi ne kuma ta fi son bugawa a takardun tallarta. Mu shiga cikin ajin mu gani.

Yawancin makarantun lauya a Amurka suna koyarwa ne da salon da Christopher Langdell ya kawo Harvard a 1870. Malami ba ya tsayawa ya yi ta bayani ana rubutawa. Kowa zai karanto hukuncin wata kotu daga gida. Da an zauna, malami ya duba taswirar kujeru da ke gabansa, ya kira sunan ɗalibi ɗaya a gaban mutum tamanin ko ɗari. Mene ne ya faru a shari'ar? Me alƙali ya yanke? To da a ce mai ƙarar bai sa hannu a takardar ba fa? Da ka ba da amsa ya juya ta, ya sake jefo maka wata, har sai ka ga inda hujjarka ta tsaya. Salo ne mai kaifafa tunani, ba mai musun wannan. Amma a shekarun 1950 da 1960 akwai malaman Harvard da ba sa kiran mace ko ɗaya sai wata rana da suka ware musu, ranar a tasa su gaba da tambayoyi maza suna dariya.

Wannan ɗabi'ar ta mutu, amma tsugune ba ta ƙare ba. A 1994, Farfesa Lani Guinier da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a makarantar lauya ta Jami'ar Pennsylvania. Maza da mata sun shigo da sakamako kusan iri ɗaya. Kafin ƙarshen shekarar farko, damar namiji ta shiga sahun kashi 10 cikin 100 na saman aji ta ninka ta mace sau uku. Ku lura da wani abu: a irin waɗannan makarantu lamba ake sa wa a takardar jarrabawa, ba suna ba. Mai makin bai san ta wa yake dubawa ba. Ke nan giɓin ba a teburin maki aka haife shi ba. Tun a watannin baya ya samo asali: wa ke ɗaga hannu, wa malami ke komawa kan maganarsa, wa ke bin malami ofis bayan darasi, wa ake gayyata rukunin bita, wa kuma ya fara shakkar kansa tun a makon farko.

Ɗalibai mata a Jami'ar Yale sun bi abin ta hanya mai sauƙi. A 2002, sannan a 2012, suka zauna a azuzuwa suna ƙirga wanda ya yi magana. Maza sun fi mata magana fiye da yadda yawansu ya nuna. Abin da ya fi ɗaukar hankali a binciken na biyu shi ne giɓin ya fi ƙanƙanta a inda malami ke kiran suna da kansa, ya fi faɗi a inda aka bar wa mai so ya ɗaga hannu. Wato tausaya wa ɗaliba a ƙyale ta ta yi shiru ba taimako ba ne. Malamin da ke bin jerin sunaye ba tare da tsallake kowa ba ya fi yi mata adalci.

Me ya sa makin shekarar farko yake da nauyi haka? Domin karatun na shekara uku ne, kuma kusan duk rabon da ake yi a kan wannan makin yake. A makarantu da yawa yana cikin abin da ake dubawa wajen shiga kwamitin mujallar shari'a ta makaranta, wadda ɗalibai ke tacewa. Da shi manyan kamfanonin lauyoyi ke zaɓen waɗanda za su gwada a lokacin hutu. Da shi, haɗe da wasiƙar shaida daga malamin da ya san ka, ake samun aiki a ofishin babban alƙali. Kuma daga masu wannan aikin ake yawan tsamo farfesoshin gobe. Ɗalibar da malami bai taɓa jin muryarta ba, me zai rubuta a wasiƙarta?

Ko makin ma bai taɓa zama garanti ba. Sandra Day O'Connor ta gama Stanford a 1952 tana cikin na gaba-gaba a aji, aikin da wani kamfanin lauyoyi ya yi mata tayi shi ne sakatariya. A 1981 ta zama mace ta farko a Kotun Ƙoli.

Sai ɓangaren malamai, inda tafiyar ta fi jan ƙafa, domin ɗalibi shekara uku yake yi ya wuce, farfesa mai kujerar dindindin kuwa yana iya yin talatin. A 1990, Farfesa Derrick Bell ya ajiye koyarwa a Harvard ba albashi, ya ce ba zai dawo ba sai an ba baƙar fata mace kujerar dindindin. Ba a ba, ya rasa aikinsa. Sai a 1998 aka ba Lani Guinier. Mace ta farko da ta shugabanci makarantar, Elena Kagan, a 2003 ta hau.

Ƙorafin Bell ya taɓo wani lungu da ƙididdiga ke ɓoyewa. Makaranta tana iya nuna cewa tana da mata, tana da baƙaƙe, alhali matan duk farare ne, baƙaƙen duk maza. Wasu mata baƙaƙe biyar sun taɓa kai ƙarar kamfanin General Motors kan korarsu daga aiki. A 1976 kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙarar bambancin launi da ta jinsi wuri ɗaya, sai dai a duba kowace daban, a haka kuma suka faɗi. Wannan shari'ar na cikin waɗanda Farfesa Kimberlé Crenshaw ta gina hujjarta a kai a 1989, cewa wanda wariya biyu suka haɗu a kansa ba a ganin matsalarsa idan aka auna su ɗaya-ɗaya. Haka abin yake ga ɗaliba mai goyo da aka sa wa taron neman aiki da daddare, ko mai keken guragu, ko wadda ita ce ta fara shiga jami'a a gidansu.

Akwai masu adawa da shirye-shiryen makarantu na ƙara yawan mata da baƙaƙe, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa gurbi na wanda ya fi cancanta ne, duba launi ko jinsi wajen ɗauka kuwa wariya ce ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. A ganina sun manta cewa ma'aunin cancantar ma mutane ne suka tsara shi, amma a kotu sun yi nasara a kan batun launi. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ko da yake ta bar wa mai nema damar ya rubuta yadda launinsa ya shafi rayuwarsa. Hukuncin bai taɓa batun jinsi ba, amma mace baƙar fata ta cikin wannan ƙofar take bi. A ɗaukar farko bayan hukuncin, a 2024, baƙaƙen ɗaliban shekarar farko a makarantar lauya ta Harvard sun sauko daga 43 zuwa 19.