An Yi Ruwa a Afrilu: Shin Damina Ta Sauka Ke Nan?

[Hoto: yara na tsalle cikin ruwa a lungu, mata na tarar ruwan indararo da bokitai]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan da kuke gani ranar Talatar da ta wuce ne, da la'asar sakaliya. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙamshin ƙasa ya cika gari, ranar kowa ya yi barci a ɗaki babu mafici. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika mini waya, kuma duk tambayar guda ce: damina ta sauka ke nan? Mu fito da iri? Wani ma cewa ya yi tunda an fara a Afrilu, ai bana damina doguwa za a yi.

Ku ɗan dakata da irin nan. Ku ba ni 'yan mintuna.

Bari mu zaga shekarar da sauri, don kowa ya san ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne: hazo, leɓe na tsagewa, kaushi a dunduniya, mai shayi ya yi ciniki, masallaci da asuba sai an lulluɓa. Ƙurar nan da ke kwanciya a kan tabarma da gilashin mota, da yawanta daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon tafki. Maris ya shigo, bazara ta kama. A nan Kano, wajen 21 ga Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka, inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka, zafi ya haura digiri 40. Lokacin mangwaro ke nan, lokacin kwana a tsakar gida, kuma lokacin da ake tsoron sanƙarau. Sai damina, sai kaka, a cika rumbu, a ɗaura aure. To, abin da ya rikita mutane yana nan ne a tsakanin bazara da damina.

[Taswirar Afirka ta Yamma, kibiyoyi biyu na fuskantar juna]

Iska biyu ce ke juya mana shekara. Ɗaya daga arewa maso gabas take zuwa, daga Sahara, busasshiya ƙayau. Ita ce ta hunturu. Ɗayar daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ɗauke da laima. Inda suka yi karo akwai iyaka, kuma iyakar nan ba ta zama wuri guda. A Janairu tana can kusa da bakin teku. Yayin da rana ke gasa ƙasar arewa sai ta riƙa matsowa, ta wuce Lakwaja, ta wuce Abuja, ta wuce Zariya, ta wuce mu, har a Agusta ta dangana da arewacin Agadez a Nijar. Daga nan ta juya ta koma.

Yawancinmu mun ɗauka da zarar iyakar nan ta iso kanmu, shi ke nan ruwa ya zo. A nan kuskuren yake, kuma a nan zan daɗe.

Ku dubi gatarin nan da ke hannuna. Bakinsa siriri, bayansa kauri. Haka iskar teku take shigowa. Da yake ta fi iskar hamada sanyi da nauyi, ta ƙasa take kutsawa, busasshiyar kuma ta hau kanta ta danne. Abin da ya fara iso mana bakin gatarin ne, laima 'yar siririya shimfiɗe a ƙasa, a samanta kuma busasshiyar iska mai zafi jibge. Girgije yana so ya tashi ya yi tsawo, amma da ya ɗago kai sai ya shiga busasshiyar iskar nan, ta tsotse shi. Kun sha ganin haka: hadari ya haɗo baƙi ƙirin da yamma, mata sun kwashe shanya, an kora awaki, sai iska ta taso da ƙura, ta yaye kwanon wani, a ɗan yi yayyafi, shi ke nan ya baje.

Jikinku ma ya san wannan lokacin. Zafin Maris busasshe ne, ka yi gumi ya bushe nan take, ruwan randa ya yi sanyi har ya riƙe haƙori. Amma zafin ƙarshen Afrilu da Mayu, gumi ne ke tsiyaya ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, ƙurajen zafi su feso wa yara, randar ma ta rage sanyi. Laimar ce ta iso. Ruwan kuwa yana baya, inda gatarin ya yi kauri, kilomita ɗari biyu ko fiye a kudu da iyakar. Wato lokacin da muke fama da gumi a Kano, mutanen kudancin Kaduna ne ke shan ruwan.

To, ina ruwan Talata ya fito? Iyakar nan tafiyar mai jan akuya take yi, a yi gaba a dawo baya. Wani makon iskar teku ta yi ƙarfi, ta tura laima mai kauri har kanmu na kwana biyu ko uku. Idan aka yi dace hadari ya biyo ta nan a daidai lokacin, sai ya samu abin ci, ya zubar da ruwa mai yawa. Bayan nan iskar hamada ta sake tura iyakar zuwa kudu. Sama ta washe, rana ta dawo da ƙarfinta, a yi mako biyu, wani lokaci uku, babu ko ɗigo.

Wani ya tambaye ni, kuma tambayar ta burge ni: idan daga kudu maso yamma laimar ke zuwa, me ya sa kullum hadari daga gabas yake tasowa? Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suke duban gabas. A can sama, kamar kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Hadari kan ƙullu da rana a kan tuddai, irin su tsaunukan Jos da na Mandara da ke kan iyakar Kamaru, sai iskar saman nan ta ɗauko shi ta yo yamma da shi. Laima ta ƙasa daga yamma, hadari ta sama daga gabas. Sai sun haɗu ake ruwa.

[Gona, ƙasa ta yi ɓawo, 'yan tsirrai sun kwanta]

A nan ba ni da hotuna da yawa, don haka bari in ba ku labari. Shekarun baya an yi irin wannan ruwan, kawuna ya fita da sassafe da sungumi, yara na binsa suna zuba iri suna takewa. Na ce, "Kawu, ba a ɗan jira na biyu ba?" Ya ce, "Ɗan nan, wanda ya riga shuka shi ke riga cin tumu." Kwana huɗu gero ya tsiro, layi-layi, abin sha'awa. Ranar ta goma ganyen ya fara naɗewa kamar tsinke. Ranar ta goma sha takwas muka je, na kama tsiro ɗaya, ya biyo hannuna ba tare da na ja ba, saiwar ta bushe kamar zare. Kawu bai ce komai ba, ya juya ya tafi neman wani irin.

Ba na ganin laifinsa, kuma ba na son a riƙa yi wa manoma kallon marasa lissafi. Akwai hikima a shukar wuri. Ruwan farko yakan tayar da ƙarfin da ya kwanta a ƙasa duk rani, tsiron da ya riga ciyawa fitowa kuma ya fi ta ƙarfi. Gero yana da juriya, irinsa ba shi da yawa, ɗan abin da za a zuba a kadada bai taka kara ya karya ba. Wasu ma binne suke yi tun ƙasa na busasshiya. Wanda nake jin tsoro dominsa shi ne wanda ya ci bashi ya sayi irin masara na kamfani, ko ya ɓare buhun gyaɗa, ya haɗa da takin zamani, ya zuba duka a kan ruwa ɗaya. Shi idan ta ƙone, babu na biyu.

To, yaya ake gane na gaskiya? Wani masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai ya fitar da ma'auni a 1988, har yau ana aiki da shi a ƙasashen Sahel. Bayan 1 ga Mayu, a samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan cikin kwana talatin da suka biyo baya kada a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa. Milimita 20 kuwa, ku ɗauki jarkar lita 20, ku juye ta a fili mai taku ɗaya babba a tsawo, taku ɗaya a faɗi. Haka a kowane taku na gonar.

Ku lura da kashi na biyu na ma'aunin. Yawan ruwan ranar farko bai isa ba, abin da ya biyo baya ne ke tabbatar da shi. Shi ya sa babu wanda zai tsaya ranar da aka yi ruwa ya rantse cewa damina ce. Abin da ake da shi alamu ne. Iska ta zauna daga kudu maso yamma dare da rana, ba ta juyawa. Shamuwa ta dawo ta kama gyaran sheƙa. Gawo ya fara zubar da ganye, shi da ke yin kore lokacin da kowa ya bushe. Ka tona ƙasa, laimar sama ta nutse ta wuce tsawon tafin hannu. Sannan hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukarta yanki-yanki. Ku nemi na ƙaramar hukumarku, ku tambayi malamin gona. A ƙasar Kano dai, bisa al'ada, daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni take zama, can arewacin Katsina da Sakkwato kuma takan ɗan ƙara jinkiri.

Wajen ƙarshen Yuni ne babban ruwan kan yi tsalle daga bakin teku ya dawo arewa. Shi ya sa a Agusta, muna nan cikin marka, itace ya ƙi kamawa, katangar ƙasa na zubewa, sauro ya yi yawa, su kuma mutanen Legas a lokacin ruwansu ke ɗan tsagaitawa.

[Hannu na tona ƙasa da fartanya]

Yau kwana shida da ruwan Talata. Ga gonar da ke bayan gidanmu. Sama ta bushe, ku dubi yadda take tashi. Na tona kamu ɗaya, ga 'yar laima nan kamar faɗin yatsa biyu, ƙarƙashinta kuma garin ƙasa ne fari, irin na Maris. Tun jiya kuma iskar ta koma arewa maso gabas, ga tutar makarantar can tana nunawa.