Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi a Makon Wayar da Kan Sabbin Ɗalibai, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato

Mai girma Minista, shugaban jami'a, iyayenmu sarakuna, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da sauka a birnin Shehu. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya yi maka kirari ba. Mun kuma san lokacinka kaɗan ne, shi ya sa za mu fara da abin da ya hana mu barci: ɗakunan kwanan ɗalibai mata.

A wannan mako muna zagayawa da sabbin ɗalibai, mu nuna musu ɗakin karatu da asibitin makaranta, mu koya musu rajistar kwasa-kwasai ta intanet da yadda ake lissafin maki, mu faɗa musu hukuncin satar amsa tun kafin su yi rantsuwar shiga jami'a. Akwai zama na musamman kan bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, don da yawansu ba su san yadda ake nema ba. Duk suna saurare. Amma da an ce akwai mai tambaya, sai ka ga uba ya miƙe, ya taso tun asuba daga Isa ko Zuru ko Talatar Mafara, 'yarsa na gefe da akwati da bokiti, ya ce: "Malam, ina za ta kwana?" Nan bakinmu ke mutuwa. Uban da bai samu amsa ba yakan ɗauki akwatin ya yi gaba, 'yar na biye, kuma ba kowace ce ke dawowa ba.

Abin da ciwo, domin ƙasar Nana Asma'u ce wannan. Tun ƙarni na 19 jajinta, wato matan da ta horar, ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafan da har yau ake yin digirin digirgir a kansu a ƙasashen waje. Da aka kafa jami'ar nan a 1975, gadon gida aka ɗora mata. Ta fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, da ɗaliban da ba su kai ɗari ba, aka sa mata sunan Shehu a 1988. Yau dubbai ne. Ana yi mana kirari da jami'a mafi zaman lafiya a ƙasar nan, kuma muna alfahari da haka, sai dai mun lura mai haƙuri shi ake mantawa in an zo rabo. A 2010 ambaliya ta cinye gadar da ta haɗa mu da gari, muka ga tasku, muka daure.

Mazauninmu na dindindin yana Dundaye, ƙetaren gulbin Rima. Ɗalibar da ba ta samu gado a ciki ba sai ta kama haya a gari, ta biya kuɗin mota safe da yamma, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Ga zafin Sakkwato a watan Afrilu. Lacca ta ƙarfe takwas ta wuce ta, karatun dare a laburare kuwa sai dai ta ji labari. Saboda haka muna roƙon a ƙara mana motocin safa, da fitilu masu aiki da hasken rana a hanyoyin cikin makaranta.

Amma in ɗaya tak za a yi mana, ranka ya daɗe, to ɗakunan kwanan nan ne. Fili muna da shi har ya yi yawa. Muna roƙon ka sa baki a TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a sa aikin cikin kason shekara mai zuwa. Takardar buƙatar tana cikin fayil ɗin da za a miƙa maka yanzu, ita muka sa a sama.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai Abuja lafiya.

Kwamitin shirya makon sabbin ɗalibai