Haƙurin da ya zama littafi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum daga nan Marwa ta ƙasar Kamaru.

Duk wanda ya taɓa zuwa kai amarya a garin nan ya san abin da ake faɗa mata a daren. Gwaggo ta riƙe hannunta, lalle bai gama bushewa ba, ta ce: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, yi na yi, bari na bari." Maƙwabtanmu Fulani su ce munyal. Kalmar nan ce marubuciya Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa a 1975, ta ɗauka ta sa wa littafinta suna a 2017.

Na sha jin ana cewa labaranta sun cika baƙin ciki, ba komai sai duka da kishi da kuka, wai don ta burge Turawa. To, a duba rayuwarta tukuna. Tana da shekara 17 aka yi mata auren dole. Ta fita daga wannan, ta faɗa na biyu, inda ta sha duka har ta gudu zuwa Yawunde. A can ta sayar da gwala-gwalanta, ta sayi kwamfuta, ta zauna rubutu. Wadda ta kwana a irin wannan ɗaki, wa zai koya mata yadda tsoro yake idan ta ji takun maigida a zaure?

Shi ya sa matan littafin uku, Ramla da Hindu da Safira, suke da rai. Hindu ta fi tsaya mini a zuciya: an ba ta ɗan'uwanta mashayi, ta kai kuka gida, aka maido ta da kalmar haƙuri, har hankalinta ya gushe. Safira kuma uwargida ce da aka yi wa kishiya, kuma marubuciyar ba ta mai da ita muguwa ba, ta nuna mana tsoron da ke cinta.

Da aka sake buga littafin a Faransa a 2020, ɗaliban sakandare na can suka ba shi kyautarsu ta adabi mai suna Goncourt. Can Kano ma, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ciwonta ta zuba a littattafanta na Hausa.

Abin da ke damuna, da Faransanci Amal ta yi rubutu, kuma yawancin matan da take magana a kansu, a unguwar Domayo ta nan Marwa da ƙauyukan yankinmu na Diyamare, ba sa karanta shi. Ina roƙon malamanmu masu fassara su juya shi zuwa Hausa da Fulatanci, mu karanta shi a wannan tasha bayan sallar isha'i, lokacin da mata suka sauke tukunya.