Lita Nawa Gidanku Ke Sha a Rana, Kuma Me Mita Za Ta Canza?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamai, 'yan uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Tunda ana ta maganar sanya mitar ruwa a gidaje, zan fara da tambayar da ta fi sauƙi. Wa zai iya gaya mini lita nawa gidansa ke amfani da ita a rana? Na ga hannuwa kaɗan, kuma na san su wane ne: masu sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Matar da ke biyan kuɗin jarka kullum ta san lissafinta sarai. Mai famfo ko mai burtsatse a tsakar gida shi ne bai sani ba.

To, mu yi lissafin tare. Jarkar da muka saba gani a kurar ɗan garuwa tana cin lita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa lita 20 ga mutum ɗaya a rana ita ce ƙasa-ƙasa, wadda da ƙyar take isa sha da girki da wanke hannu. Lita 50 kuwa ta isa a yi wanka da wanki, lita 100 ita ce wadata. A ɗauki gida mai mutum takwas a kan lita 50: lita 400 ke nan a rana, wato jarka 16. A wata guda lita 12,000. Mita ba ta ƙirga da jarka, da ma'aunin lita dubu take ƙirgawa, kowane ɗaya jarka 40. Saboda haka wannan gida zai ga lamba 12 ta ƙaru a fuskar mitarsa duk wata.

Amma fa wannan kintace ne. Abin da ke sauya lissafi shi ne irin kayan da ke cikin gidan. Wanka da bokiti ba ya wuce lita 15 zuwa 20, shawa kuwa tana iya zubar da haka cikin minti biyu. Masai mai jan ruwa irin na da yana tafiya da lita 9 ko fiye a kowane ja, sababbin kuma lita 6. Mutum takwas, kowa sau uku ko huɗu a rana, kun ga masai kaɗai ya kusa cinye rabin lita 400 ɗin nan. Alwala da buta ba ta kai lita biyu ba, amma a bakin famfon da aka bari yana zuba sai ta ninka sau da yawa. Malamai suna nan, su ne shaida, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, kuma mudun nan bai kai lita guda ba.

Yanzu batun mita. Wani wuri da aka gwada abin a fili shi ne Ingila, domin har yau akwai gidaje masu yawa da ba su da mita, ana yanka musu kuɗi bisa ƙimar gidan da aka yi tun kafin 1990, ko sun sha kaɗan ko sun sha da yawa. Mutum ɗaya a can yana amfani da wajen lita 140 a rana. Tsakanin 2010 da 2015 kamfanin Southern Water ya bi kusan duk gidajen yankinsa na kudancin ƙasar ya sanya mita, kuma amfani da ruwa ya ragu da kashi 16 zuwa 22 cikin ɗari, gwargwadon wanda ya yi lissafin. Ba ƙishirwa mutane suka zauna da ita ba. Sun gyara famfo mai ɗiga da masai mai yoyo, sun rage ba lambu ruwa da mesa.

Sai dai ku lura, can ruwa yana zuwa dare da rana. A unguwar da famfo ke zuwa sau biyu a mako, ko ya shekara bai zo ba, me mita za ta rage? Ga kuma wata matsala da masu aikin famfo suka sani: idan bututu ya bushe sannan aka saki ruwa, iska ce ke fara fitowa, kuma tana juya mitar. Sai mutum ya biya kuɗin iska. Ni a ganina, a fara tabbatar da zuwan ruwan tukuna.

Sannan akwai gidan haya da gidan gandu. Wurare da dama ana tsara farashi hawa-hawa, litocin farko da araha, na gaba da tsada, don a matsa wa mai almubazzaranci. To idan iyali biyar suna kan mita ɗaya, tun makon farko sun haura matakin tsada, alhali kowannensu bai kai lita 50 ba. A shekarar 2001 Afirka ta Kudu ta ware lita 6,000 kyauta ga kowane gida a wata, bisa lissafin mutum takwas a kan lita 25. Gida mai mutum ashirin fa? Mu da muke da irin waɗannan gidaje, dole a tambayi hukumar ruwa wannan kafin a kafa mita.

Wanda kuma ya riga ya samu mita, ga gwaji. Da dare a rufe duk famfunan gida, a rubuta lambar da ke jikinta har da jajayen lambobi na ƙarshe, da asuba kafin kowa ya yi alwala a sake dubawa. In ta motsa, akwai yoyo, kuma a fara duba tankin masai.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, bismillah.