Mota madubi ce: yadda ake ɗaukar hotonta a cikin gari

Ku dubi ƙofar baƙar mota da kyau a hoton da aka ɗauka cikin gari. Ga falwaya, ga allon talla, ga teburin mai shayi, ga shi kansa mai hoton a tsaye riƙe da waya. Fentin mota madubi ne, duk abin da ke kusa da ita sai ya fito a jikinta. Don haka kafin ku ɗaga kyamara, ku zagaya ta tukuna ku ga abin da ta kwaso. Sau da yawa matsar da ita taku biyar ya isa ya kawar da tarkacen. Baƙa ta fi kowace tonon asiri. Fara da ruwan toka suna da rufin asiri.

Rana tsaka ba lokacin wannan aiki ba ne. Hasken yana dukan bonet da rufi har su yi fari fat, ƙarƙashin motar kuma ya yi baƙi ƙirin. Ku fito da sassafe, ko ku bari sai la'asar sakaliya. A Kano ko Zinder wannan haske mai laushi ba ya daɗewa, wajen rabin sa'a ne, sai ku shirya komai tun kafin ya zo. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma ƙura na sauka kan fenti nan da nan. Kada a goge ta da busasshen tsumma, zane za ta bari. A sa mai laushi da aka ɗan jiƙa.

Akwai filta mai suna CPL da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara. Kuna juya ta a hankali za ku ga ƙyallin gilashin gaba yana gushewa, har kujeru su bayyana. Sai dai ba ta share gilashi da ƙofa a juyi ɗaya, dole a zaɓi guda. Tana kuma rage haske da fiye da rabi.

To, a ina za a tsaya? Ba a gaban hancin motar ba. Idan kuka matso da ido mai faɗi, irin na waya a kan 1x, gaban zai kumbura, bayan ya tsuke. Ku ja baya kamar mita 6 zuwa 8, ku sa 2x ko 3x. A kyamara kuwa, ku sa ido mai 50mm zuwa 85mm. Ku tsuguna daidai tsayin fitila, ta kusurwar da za ku ga gaba da gefe lokaci guda. A murɗa sitiyari ta yadda fuskar wili za ta kalle ku, ba baƙar roba ba. Abin da ke bayan motar ma ya dace da ita: tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ta fi haskawa a jikin katangar ƙasa fiye da gaban bene mai gilasai.

Mota a guje kuwa, ku sa kyamara ta buɗe ido na 1/30 ko 1/60 na daƙiƙa, ku kafa ƙafafu, ku bi ta da juyin ƙugu, kada ku tsaya ko bayan kun danna. Motar za ta fito sarai, abin da ke bayanta ya koma zirin launi. Yawancin hotunan farko za su lalace, haka abin yake. Ku koya da a-daidaita-sahu: ba ya gudu sosai, kuma wani na wucewa wani na tafe.

Da dare a kafa kyamara a kan abin ɗora ta mai ƙafa uku: ISO (ƙarfin jin haske) 100, f/8 (faɗin kafar shigar haske), ta buɗe ido na daƙiƙa 10 zuwa 15. Fitilun masu wucewa za su zama dogayen layuka ja da fari. Ku sa ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, don girgizar yatsa kaɗai na ɓata hoto.

Motar wani ce? Ku nemi izini, ku kuma dusashe lambarta kafin ku ɗora a intanet. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da ƙofar banki kuwa, ko motar ta kai mece wajen kyau, kyamara ta zauna a jaka.